An Ba Mu Riƙon Makaranta, An Hana Mu Makullin Asusu

A rubuce, kowace makarantar gwamnati da ke cikin ganuwar Kano, tun daga nan Dukawuya har Ƙofar Mata, tana da kwamitin mutanen unguwa da aka ce su ne masu kula da ita. Ma'aikata suna kiransa SBMC, mu kuma muna cewa kwamitin makaranta. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai wakilin mai unguwa da na malaman addini, da wakiliyar mata, da tsohon ɗalibi, da mai sana'ar hannu, har da yaro da yarinya daga cikin ɗalibai. Hedimasta shi ne magatakarda. Tsari ne gwanin sha'awa. Abu ɗaya aka manta, ko kuma aka yi kamar an manta: shi ma'ajin nan ba a ba shi abin da zai ajiye ba.

Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa waɗannan kwamitoci a makarantun Najeriya. Yarinyar da aka sa aji ɗaya a lokacin, yau ita ce ke riƙe da hannun ɗanta tana kai shi wannan makarantar. A tsawon shekarun nan babu aikin da ba a ɗora wa kwamiti ba. An ce mu bi gida-gida mu dawo da yaran da talla ta ɗauke. An ce mu sa ido kan zuwan malamai. An ce mu zauna mu rubuta tsarin raya makaranta na shekara, mu jera buƙatu daga mafi muhimmanci zuwa na ƙasa. Da muka tambayi da me za a yi aikin da muka jera, sai aka ce ai yana cikin aikin kwamiti ya nemo tallafi daga al'umma. Idan aka cire wa maganar nan rawani, bara ce. Dattawan unguwa ne za su sa babbar riga su tafi ƙofar gidan mai kuɗi bayan sallar asuba, su zauna a kan tabarma har ya fito, su ce masa makarantar gwamnati ba ta da alli.

Kada wani ya ce muna raina taimakon masu hali. Allah ya saka musu. Amma makarantar da ke da yara fiye da dubu ba ta rayuwa da sadaka, domin sadaka ba ta da ranar zuwa.

A da, akwai ɗan abin da iyaye kan bayar ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Ba shi da yawa, kuma ya sha korar 'ya'yan talakawa daga aji, amma da shi ake sayen alli da rajista da tsintsiya, da shi ake sallamar maigadi. A shekarar 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, daga firamare har sakandare, ta hana karɓar kuɗin makaranta. Mun yi murna, kuma har yau muna kan bakanmu cewa bai kamata a kori yaro saboda naira ɗari biyu ba. Sai dai mai sayar da alli a Sabon Gari bai ji wannan sanarwa ba. Kafinta bai ji ba. Mai yashe masai ma bai ji ba. An toshe ƙaramar rijiyar da makaranta ke ɗiba, aka ce ta jira famfon gwamnati.

Gwamnatin ta wancan lokaci ta ce za ta riƙa tura kimanin naira miliyan 200 kowane wata kai tsaye ga makarantu 1,180 masu ɗalibai 834,366. Mai karatu ya ɗauki wayarsa ya raba: kimanin naira 240 ke nan ga kowane ɗalibi a wata. Wannan kuma lissafin sakandare ne. Firamare, inda yaran suka fi yawa, inda bencin ya fi saurin karyewa, ba ta cikin wannan adadi. Duk da haka tunanin daidai ne, wato kuɗi ya tafi makaranta ba tare da ya kwana a ofisoshi ba. Abin da muke so a gwada shi ne wannan: yau a shiga kowace firamare a ƙaramar hukumar Gwale a tambayi hedimasta nawa zai shigo asusun makarantarsa a zango mai zuwa, kuma ran nawa ga wata. Idan ya iya faɗin adadi da rana, mu janye maganarmu.

To ga halin da aka jefa shi. In ya karɓi kuɗi a hannun iyaye, takardar tuhuma tana jiransa. In bai karɓa ba, malami zai tsaya gaban allo hannu rabbana. Saboda haka ko dai ya cire daga albashinsa, ko kuma a sake wa kuɗin suna, yau kuɗin jarrabawa, gobe kuɗin kati, a karɓa a ɓoye ba rasit. An mayar da mutumin kirki mai laifi, an kuma buɗe wa marar kirki ƙofa, domin kuɗin da aka karɓa a ɓoye babu mai iya tambayar inda ya shiga.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Da bakinsa ya ce yara kimanin miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Gwamnatinsa ta ware wa ilimi wajen kashi 30 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma muna ganin gine-gine da fenti. Ba mu zo musanta wannan ba. Tambayarmu ita ce ta wace hanya kuɗin ke bi kafin ya iso lungunmu, kuma wane irin aiki ne hanyar take iya ɗauka.

Ɗauki kwano ɗaya. Iskar farkon damina ta taso da daddare, ta ɗaga gefen rufin aji. Da safe duk wanda ya wuce ya gani. Aikin bai fi na kafinta ɗaya da yaronsa ba, da ƙusa, da katako biyu, kafin azahar an gama. Akwai kafinta a unguwar, wataƙila ma ɗansa a ajin yake. Amma ba kuɗi a asusu. Sai hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Sakatare ya haɗa da sauran takardu irinta ya tura hukumar SUBEB. Can kuma ba a ba da kwangilar kwano ɗaya, sai an tara makarantu, an auna, an sa a lissafi, an amince. Kafin nan ruwa na biyu ya sauka, na uku ya sauka. Silin ya jiƙe ya rufto. Katakon rufi ya ruɓe. Daɓe ya farfashe. Bencin da ya rage ya kumbura. An kwashe yaran an cusa su a ajin maƙwabta, wanda dama a cike yake, malama ɗaya tana fama da yaran aji biyu, na baya ba sa jin abin da take faɗa. Ajin da aka bari kuma ya zama mafakar awaki da rana, da dare ta masu tsallaka katanga su sha abin da suke sha. Bayan shekara biyu ko uku sai ga mota ta tsaya, an kafa allon kwangila, za a yi wa ajin gyara na miliyoyi. Za a zo a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Ba wanda zai tuna cewa kuɗin ƙusa ne ya rasa tun farko.

Haka abin yake ga famfon tuƙa-tuƙa da robarsa ta cinye, da ƙofar banɗakin 'yan mata da ta ɓalle. Wannan ta ƙofar banɗaki kada a ɗauke ta ƙaramar magana. Yarinyar da ta fara girma, in ba inda za ta kewaya a rufe, gida za ta tafi, kuma ranar da ta saba tafiya gida da tsakar rana, farantin talla yana nan yana jiranta. Ofishin da ke nesa ba zai taɓa ganin wannan ƙofa ba. Uwar yarinyar ta san da ita tun ranar da ta ɓalle.

Abin takaicin shi ne an riga an gwada ba kwamiti kuɗi a jihar nan, ba sau ɗaya ba. Shirin ESSPIN, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya yi aiki a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi uku daga 2008 zuwa 2017, ya horar da kwamitoci, ya sa aka buɗe wa mata da yara nasu ƙananan kwamitoci domin a ji muryarsu. A 2015 aka zo da shirin NIPEP na dala miliyan 100 ga jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna da Sakkwato, aka riƙa tura tallafin gyara asusun makarantu. Daga 2020 ga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda shi ma ta hannun kwamitocin yake ba sakandare kuɗin gyara, kuma rance ne da yaran nan za su girma su tarar. Duk waɗannan sun nuna cewa mutanen unguwa suna iya buɗe asusu, su sayi siminti, su ajiye rasit. Amma kowane shiri yana da makarantun da ya zaɓa, yana kuma da ranar rufewa. Ranar da baƙi suka naɗe tabarmarsu, asusun sai ya kwanta, banki ya yi ta tsakurar ɗan abin da ya saura har ya ƙare. Ko tallafin da hukumar UBEC ta tarayya ke ba kwamitoci, sai an cike takardu an nema, an dace, kuma al'umma ta kawo nata kason. Unguwar da ke da 'yan boko da attajirai ita ke cin wannan gasa. Unguwar da ta fi buƙata ita ke faɗuwa.

Gwamnatocinmu na jiha kuwa, kowace ta zo da kwamitinta. Zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso an yi CRC. Zamanin Ganduje an kafa wasu kwamitocin bunƙasa ilimi a ƙananan hukumomi 44. Yanzu CRC ta dawo. Ba mu ce ba su yi aiki ba, kuma ba ruwanmu da launin hular kowa, yaranmu ba su da katin jam'iyya. Amma kwamitin da aka naɗa daga sama, sama yake kallo. Wanda ya naɗa shi yake wa bayani, kuma ranar da gwamnati ta sauka shi ma ya sauka. Kwamitin makaranta yana nan tun kafin su, zai kuma kasance bayansu, amma shi ake tsallakewa duk ranar da kuɗi ya fito. Ranar da ake neman wanda zai tara iyaye a yi wa baƙo maraba, nan ne ake tuna lambar wayar shugabansa.

Mun san amsar da ake bayarwa a ofis, ko da ba a faɗe ta a gabanmu ba: in an ba su, cinyewa za su yi. To bari mu duba inda kuɗin makaranta ya saba ɓata. A ƙasar Yuganda an bi sawun kuɗin da gwamnati ke ware wa kowane ɗalibin firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makarantu. Sauran a hanya yake narkewa, a ofisoshin gunduma. Da gwamnatin ta fara buga adadin da ta tura a jaridu, aka kuma sa makarantu su manna nasu a bango, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Ba a canza halin mutanen ƙasar ba. Iyaye ne kawai suka san nawa aka turo, suka fara tambaya.

Mu dawo gida. Wa ke riƙe kuɗin masallatan unguwannin nan? Wa ke tara kuɗin 'yan sintiri duk wata, da na gyaran taransifoma in ta ƙone? Wa ke tafiyar da Islamiyyun da ke kowane lungu, a biya malamai, a sayi tabarmi, a yi saukar karatu, ba tare da sisin gwamnati ba? Matan da ke riƙe adashi na dubban ɗaruruwa a cikin gidajen nan, ba takarda ba lauya, kowa ya kwashi nasa ranar kwasarsa, su ne ake cewa ba za a iya ba su amanar kuɗin tsintsiya ba? Ma'ajin kwamiti a Dukawuya mutum ne da za mu haɗu da shi a sahu sau biyar a rana. Mun san gidansu, mun san surukansa. In ya ci kuɗin alli, da wane ido zai zo ɗaurin aure? Ɗan kwangilar da ya yi daɓen da ya fashe kafin zango ya ƙare, ko sunansa ba mu sani ba. Za a samu ɓata-gari a cikin kwamitoci, babu shakka. Amma ɓarawon da ke kwana a unguwarku ya fi sauƙin kamu.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan harka. Suna da nasu kwamitocin da aka sani da COGES, kuma tun 2004 wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa ya fara a jihar Tawa, inda iyaye ke zaɓen shugabannin kwamiti ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce. Da masu bincike suka gwada ba kwamitoci kuɗi a jihohin Tawa da Damagaram, sun ga iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma karatun yara bai ƙaru ba a ɗan lokacin da aka auna, zuwan malamai aiki ma bai gyaru ba. Masu adawa da mu za su so wannan labari. Mu abin da muka karanta a cikinsa shi ne kuɗi zalla yana gyara rufi, amma ba ya sa malamin da ya raina iyayen yara ya shiga aji. Kwamiti yana buƙatar sani, yana kuma buƙatar haƙori.

Sanin ba a otal ake samunsa ba. Mun gaji da bitar kwana biyu da ake kiran shugaba da hedimasta, a yi ta da Turanci, a raba jaka da kuɗin mota, a watse. A zo cikin makarantar a zauna da kwamiti duka, da Hausa, a koya wa ma'aji yadda ake rubuta shiga da fita a littafi, ko da ajami ne in shi ya iya. A nuna wa iyaye yadda za su gane ko yaron aji uku yana iya karanta layi biyu na Hausa, abin da ba ya buƙatar digiri. Kuma mu a nan ba mu da uzurin rashin masu koyarwa. Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana maƙwabtaka da mu, makarantar horar da malamai ta tarayya tana Kabuga. Ɗaliban ilimi da na lissafin kuɗi suna wuce Ƙofar Dukawuya kullum a adaidaita sahu. Me zai hana a sa zama da kwamitin makaranta ɗaya na tsawon zango ya zama cikin aikin da ake ba su maki a kai?

Haƙorin kuma shi ne a daina jefa rahoton kwamiti a kwandon shara. In kwamiti ya rubuta cewa malami kaza bai zo ba kwana goma, ko kuma aji kaza ba shi da malamin lissafi tun farkon shekara, doka ta tilasta wa sakataren ilimi ya amsa a rubuce cikin kwanakin da aka ƙayyade. In ɗan kwangila ya yi aiki a makaranta, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai kwamiti ya sa hannu cewa aikin ya yi. Ba mu nemi ikon ɗauka ko korar malami ba. Su ma malaman suna da nasu kukan, kuma kwamitin da ke da murya shi ne zai fara tsaya musu.

Albashi kuwa ba ma so. Muna faɗa da babbar murya, kada a sa wa kujerar kwamiti alawus. Ranar da aka sa, ranar za a cika ta da yaran 'yan siyasa, iyayen yara su koma leƙe ta taga. A bar ta aikin sa kai, amma iyayen da yaransu ke makarantar su ne za su zaɓa, da ƙuri'a, a kuma sa wa'adi. Mai unguwa ubanmu ne, muna so ya zauna a taron ya sa albarka, amma kada ya zama shi ke nuna wanda zai riƙe kuɗi, domin wanda uba ya nuna ba a iya tuhumarsa. Sannan a duba lokacin taro da wurinsa. Taron da aka sa a zaure bayan isha'i, an riga an sallami mata ke nan tun kafin a fara, alhali su ne suka san yaron da bai karya ba, da yarinyar da ake shirin cirewa.

Saura maganar adadi. Ƙasar Kenya da ta soke kuɗin firamare a 2003, ta yanka wa kowane ɗalibi sulai 1,020 a shekara, ana turawa asusun makarantarsa. Mu ma abin da muke nema ke nan daga Majalisar Dokokin Jihar Kano: doka da za ta ce ga abin da kowane ɗalibi yake da shi a kowane zango, ya shiga asusun makaranta a makon farko, ba sai an roƙa ba, ba sai an san wani ba. A ce naira 1,000 ce. Makarantar da ke da yara 1,500 za ta samu naira miliyan ɗaya da rabi a zango. Ba zai gina aji ba, gini aikin SUBEB ne, amma zai sayi alli, ya biya maigadi, ya kama kwanon nan tun yana ɗaya. Ko da an ɗauki yara miliyan 4.7 ɗin da gwamna ya ambata, zango uku, abin ya tashi kimanin naira biliyan 14 a shekara, a jihar da kasafin iliminta na 2025 ya haura biliyan 160. Bai kai ɗaya bisa goma ba. Kuɗi kada ya fita sai da hannu uku, na shugaba da na ma'aji da na hedimasta. Abin da ya shigo da abin da aka kashe a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin katangar makaranta ta waje, inda mai wucewa zai gani, a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na unguwa. A manna yawan ɗaliban kowane aji a gefensa, domin kada wani ya haifi yaran bogi a takarda. Iyaye sun iya ƙirga 'ya'yansu.

Gwamna yakan kai kasafin sabuwar shekara gaban majalisa ne a watannin ƙarshen shekara, kuma majalisa takan buɗe zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta amince. Muna kira ga shugabannin kwamitocin makarantun Dukawuya da Gadon Ƙaya da Kabuga da Mandawari da sauran unguwannin Gwale, da maƙwabtanmu na Dala da Birni, su haɗu tun kafin lokacin, maza da mata, su rubuta takarda ɗaya da ba ta wuce shafi guda ba. Su kai wa ɗan majalisar da ke wakiltarmu hannu da hannu, su karɓi sa hannunsa a kan kwafinsu, su tambaye shi ranar da zai gabatar da ita a zauren majalisa.